Ilimin Magani Tsakanin Asiri da Waƙafi: Tarihin Yaɗa Rubuce-rubucen Ɗibbu a Ƙasar Hausa da Darasinsa ga Buɗaɗɗun Taskokin Intanet

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin yadda ilimin magani ya riƙa yaɗuwa a ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu, wato hanyar littafi da hanyar gado. Ta fara da matsayin shari'a game da ɓoye ilimi da kuma lamunin mai magani, ta waiwayi misalin aikin haɗin gwiwa a Bagadaza da Ƙurɗuba, sannan ta tsaya a kan rubuce-rubucen malaman jihadin Sakkwato, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga nan ta duba yadda aka tattara wannan ilimi a zamanin Turawa da bayansa, har zuwa yau da ake kiran ɗalibai su ba da gudummawa ga taskokin intanet waɗanda kowa ke iya karantawa da gyarawa. Ta ƙare da sharuɗɗa huɗu da tarihin ya ɗora wa duk mai son sa hannu a irin wannan aiki.

1.0 Gabatarwa

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A 'yan shekarun nan an samu ayyuka a intanet waɗanda suke tafiya a kan tsarin gayya. Wani ya kawo sunan tsiro, wani ya kawo hotonsa, wani ya kwafo abin da tsohon littafi ya faɗa a kansa, wani kuma ya gyara kuskuren da ya gani, sakamakon ya zama na kowa, babu mai sayarwa kuma babu mai hanawa. Wikipedia ta Hausa misali ce da kowa ya sani. Idan irin wannan aiki ya shafi maganin gargajiya, ɗalibin ilimin addini yakan sami kansa a tsakanin kira biyu. Kira na farko yana tunatar da shi narkon da ke kan mai ɓoye ilimi. Na biyu yana tunatar da shi cewa laƙanin da ya ji daga bakin kakarsa ungozoma, ko ya gani a kundin malaminsa, amana ce, kuma kuskure a cikinsa na iya halaka rai. Wannan ja-in-ja ya girmi kwamfuta da ƙarnoni, kuma magabata sun bar amsoshi a aikace waɗanda ya kamata a san su kafin a sa hannu.

2.0 Tushen Mas'alar a Shari'a da Tarihin Musulunci

Nassoshi uku ne suka kafa iyakokin wannan fage. Na farko shi ne hadisin da Bukhari ya ruwaito mai nuna cewa kowace cuta tana da maganin da aka saukar mata, wanda malamai suka fahimci kwaɗaitarwa ga bincike daga gare shi. Na biyu shi ne wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito game da azabar wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Na uku, wanda ba a cika ambatonsa tare da sauran biyun ba, shi ne wanda Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ɗibbu ba. Nassi na biyu yana buɗe ƙofa, na uku yana tsayar da mai gadi a bakinta. A kan wannan ne Imam Gazali (ya rasu 505H/1111M) ya lissafa ɗibbu cikin farillan kifaya a Ihya'u Ulumid Din, har ya yi kukan cewa akan sami gari cike da masu neman fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. A mazhabar Malikiyya, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani (ya rasu 386H/996M), wadda kusan duk ɗalibin zaure a ƙasar Hausa yake sauke ta, ta keɓe babi a kan neman magani da ruƙiyya.

Tarihi ya adana wani misali da ya yi kama da aikin gayyar yau ƙwarai. A Bagadaza, a ƙarni na uku na Hijira, Isɗifanu ɗan Basil ya fassara littafin tsirrai na Diyoskoridis daga Girkanci zuwa Larabci, Hunainu ɗan Is'haƙ (ya rasu 260H/873M) kuma ya duba fassarar. Sunayen tsirrai da yawa sun gagari mai fassarar, sai ya bar su da lafazinsu na Girkanci. Ibnu Juljul, likitan Andalus, ya ba da labarin cewa ya yi haka ne bisa fatan Allah Ya kawo wanda zai gane su a bayansa. Bayan kusan shekara ɗari, Sarkin Rumawa ya aika wa Halifa Abdurrahman na Uku kwafin littafin na Girkanci mai hotuna, sannan a shekarar 340H/951M wani rahibi mai suna Nikola ya iso Ƙurɗuba. Ya zauna da likitocin garin, cikinsu har da Bayahude Hasdai ɗan Shafruɗ, suka riƙa bin sunayen suna daidaita su da tsirran da ke fitowa a Andalus. Gurbin da mutum ɗaya ya bari a fili cikin gaskiya, wasu ne daga wata ƙasa da wani zamani suka cike shi.

Ibnul Baiɗar (ya rasu 646H/1248M) ya kai wannan hanya matuƙa a littafinsa Aljami'u li Mufradatil Adwiya wal Agziya, inda ya tara magunguna da abinci kusan 1,400. Yana jingina kowace magana ga mai ita, yana kawo sunan tsiro da harsuna daban-daban har da na Barbar, yana kuma rarrabe abin da ya naƙalto da abin da ya gani da idonsa a tafiye-tafiyensa. Wannan tarbiyyar malaman hadisi ce aka ɗauko aka shigar cikin ilimin tsirrai.

3.0 Hanyar Littafi da Hanyar Gado a Ƙasar Hausa

Littattafan ɗibbu sun shigo ƙasar Hausa da Barno ta hanyar da sauran littattafan addini suka bi, wato ayarin fatake da na mahajjata. Sunan Imam Suyuɗi (ya rasu 911H/1505M) ya yi tasiri na musamman, domin ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ɗan littafin nan Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, wanda har gobe ake sayarwa a kasuwar Kurmi da sunan Suyuɗi a bangonsa, masu bincike sun nuna cewa asalinsa na wani malami ne da ake kira Assanaubari (ya rasu 815H/1412M). Wannan kaɗai ya isa nuna yadda jingina magana ga babban suna take sa ta karɓu ba tare da an bincika ba. Bayan shi akwai Aɗɗibbun Nabawi na Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H/1350M), wanda yanki ne na Zadul Ma'ad, da Tazkira ta Dawudal Anɗaki (ya rasu 1008H/1599M).

Ilimin da ke cikin littafi a buɗe yake ga duk wanda ya iya Larabci kuma ya sami takarda. Ɗalibi yakan ari littafi ya kwafa, ya rubuta sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a ga kansa da iyayensa da malamansa. Takardar kanta daga Italiya ake kawo mafi yawanta a ƙarni na 19, ta hanyar Tarabulus da Masar, mai alamar jinjirin wata uku a jikinta. Saboda tsadarta, ba a barin gefen shafi a banza. Nan ake yin hashiya, nan ne kuma mai karatu yake rubuta da ajami sunan da Hausawa ko Fulani ko Barebari suke kiran tsiron da aka ambata da Larabci. Kowane kwafi yakan ɗauki ƙarin wanda ya riƙe shi, ya miƙa wa na gaba.

A gefe guda kuma akwai ilimin da ba ya shiga littafi. Wanzami da ƙahonsa da askarsa, maɗori mai haɗa karaya, ungozoma, 'yar mai ganye, maharbi mai sanin saiwoyin daji, masunci mai maganin ƙayar kifi, kowannensu gado ya yi, kuma yakan riƙe sirrin ne domin shi ne abincin gidansu. Kalmar asiri a Hausa ta haɗa ma'anar ɓoyayyen abu da ma'anar magani mai ƙarfi, kuma mutane da yawa sun yi imani cewa laƙani yana karyewa idan ya bazu. Har a cikin malamai an sami wannan ɗabi'a, domin kundin malamin tsibbu ba littafin da ake ba da aro ba ne. Ta hanyar gado an adana sani na haƙiƙa game da sabara da marke da maɗaci da bagaruwa da kalgo, amma ta hanyar ne kuma tsafi da duba da kiran iskoki suka sami mafaka, tun da abin da ba a fito da shi fili ba babu mai iya auna shi.

4.0 Malaman Jihadi da Fito da Ilimin Magani Fili

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) ya tunkari lamarin ta fuskar aƙida. A Nurul Albab ya soki masu duba da masu da'awar sanin gaibu, a Ihya'us Sunna kuma ya rarrabe sunna da bidi'a a sha'anin magani da ruƙiyya. Ƙaninsa Abdullahi (ya rasu 1245H/1829M) ya rubuta Masalihul Insan, wanda cikakken sunansa ya nuna cewa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sai dai hana mutane zuwa wurin boka ba ya wadatarwa idan ba a ba su abin da za su riƙe a madadinsa ba. Cike wannan gurbi shi ne aikin da Muhammadu Bello (1781–1837) ya ɗauka, tare da nauyin sarautar Musulmi da ya riƙe daga 1817 har rasuwarsa a Wurno.

Bello ya bar littattafai da risaloli da dama a kan ɗibbu. Wasu na gaba ɗaya ne, kamar Almawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya da Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib. Wasu kuma kowanne cuta ɗaya ko magani ɗaya ya fuskanta. Masugul Lujain a kan ciwon ido yake, Alƙaulul Mansur a kan basur, Alƙaulus Sana a kan amfani da filasko wajen wanke ciki, akwai kuma risala a kan cututtukan ƙoda da wata a kan tsutsar ciki. Zaɓin waɗannan batutuwa yana da ma'ana. Cututtuka ne na yau da kullum, waɗanda suke damun manomi da mayaƙin ribaɗi da alƙali, kuma su ne kasuwar masu asiri ta fi ci a kansu. Gajartar risalolin ma da gangan ce, domin abin da bai wuce 'yan warƙoƙi ba ana iya kwafe shi a zama ɗaya a aika wani gari. Shugaban da ya rubuta maganin basur ya sake shi hannun masu kwafa ya mayar da abin da ake saye da kuɗi a ɓoye ya zama sadaka mai gudana.

Bello bai taƙaita nemansa ga abin da ke hannun Musulmi ba. Lokacin da Baturen Ingila Clapperton ya ziyarci Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema akwai a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Likitocin da suka taso tare da Clapperton a tafiyarsa ta biyu ba su iso Sakkwato ba, shi kansa kuma a can ya rasu a 1827, amma ya kawo wa Bello littattafan Larabci, har ya ba da labarin ya same shi zaune da littafin lissafi na Iƙlidis a gabansa. Wannan hali ya yi daidai da na likitocin Ƙurɗuba da suka zauna da rahibi domin gane sunan tsiro.

Nana Asma'u (1793–1864) ta ɗauki ɓangaren da ya fi kusa da mata. A 1255H/1839M ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara abin da aka ruwaito na falalar surorin Alƙur'ani da neman waraka da su. Matan karkara su ne bori ya fi kamawa a lokacin rashin lafiya da haihuwa, kuma su ne tsarin 'Yan Taru, da jajojinsa masu kai karatu ƙauyuka, ya nufa. Akwai kuma Muhammadu Tukur, almajirin Shehu, mai littafin Ƙira'ul Ahibba da Mu'awanatul Ikhwan, wanda ya shiga sha'anin asirai da magungunan zaman aure. Rubuta irin waɗannan abubuwa a littafi mai suna da marubuci sananne ya sa sun shiga ƙarƙashin idon sauran malamai, masu iya karɓa ko mayarwa.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan yunƙuri. Da Larabci aka yi mafi yawansa, don haka wanzami da ungozoma ba su karanta shi ba, nasu ilimin kuma bai shiga cikinsa ba sai kaɗan. Sannan ginshiƙinsa na nazari shi ne ra'ayin ɗabi'o'i huɗu na zafi da sanyi da danshi da bushewa, wanda likitocin Musulmi suka gada daga Jalinus, kuma ilimin likitanci ya wuce shi. Girmama Bello ba ya nufin a ɗauki kowane laƙani da ya naƙalto a matsayin hukuncin da ba a sake dubawa. Ibnu Khaldun (ya rasu 808H/1406M) ya riga ya yi nuni a Muƙaddima cewa da yawa daga magungunan da aka ruwaito al'adar Larabawa ce ta zamaninsu, ya kafa hujja da ƙissar barbarar dabino da ke cikin Sahihu Muslim. Ibnul Ƙayyim, wanda ya fi shi ƙarfafa matsayin ɗibbun Annabi, shi ma ya yarda cewa wasu hadisan magani sun keɓanci mutanen Hijaz da yanayin ƙasarsu.

5.0 Zamanin Turawa da Tattara Ilimin a Hannun Baƙi

Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, tattara ilimin tsirrai ya koma hannun ma'aikatan mulkin mallaka. Likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill ya sabunta ya faɗaɗa daga 1985. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma cike yake da sunayen itatuwa da cututtuka. Waɗannan ayyuka sun yi abin da hashiyar ajami ba ta iya yi ba, wato ɗaure sunan Hausa da sunan kimiyya guda ɗaya wanda ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. Amma sun zo da naƙasa ta fuskar isnadi. Maharba da masu ganye da suka nuna tsirran suka faɗi amfaninsu, galibinsu ba a rubuta sunayensu ba. Ilimin ya fita daga asiri ya shiga ɗakunan karatu na Landan da harshen da masu shi ba sa ji.

Su kuwa rubuce-rubucen Larabci, an fara tattara su a Jami'ar Ibadan tun shekarun 1950. A 1964 aka kafa cibiyar adana rubutun Larabci a can, aka kuma soma shirin binciken tarihin Arewa wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Gidan Arewa da ke Kaduna ya biyo baya a 1970. Akwai kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami ta Yamai wadda Bubu Hama ya assasa tattara ta. Juzu'i na biyu na fihirisar John Hunwick, wanda ya fito a 1995, ya jera littattafan malaman wannan yanki da wuraren da kwafinsu yake, a 1997 kuma Isma'il Abdalla, ɗan Sudan, ya wallafa nazarinsa a kan Musulunci da magani da masu yin sa a Arewacin Nijeriya. Duk da haka, rubutun da ke cikin akwatin ma'adana a Kaduna bai fi kundin da ke cikin gafaka sauƙin samu ga ɗalibin da ke Gumel ko Maraɗi ba.

6.0 Buɗaɗɗun Taskoki da Tambayar Haƙƙi

Ɗaukar hoton rubuce-rubuce da ɗora su a intanet ya sauya wannan hali. Shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana ɗora hotunan a inda kowa zai gani kyauta, asalin takardun kuma su zauna a ƙasarsu. Jami'ar Boston ta Amurka tana da taskar ajamin Afirka a kan irin wannan tsari. Ta fuskar fiƙihu, mafi kusancin abin da za a kwatanta wannan da shi shi ne waƙafin littattafai, wanda Malikiyya suka halatta tun da sun yarda da hubusin abin da ake iya ɗauka. An tsare asali, an sake amfani ga jama'a.

Sai dai sakin ilimi ga kowa ya haɗa da sakinsa ga mai neman mallake shi. A 1995 aka ba wasu masu bincike a Amurka takardar mallakar fasaha a kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da mutanen Indiya suka sani tun kaka da kakanni. An soke takardar a 1997 bayan hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta gabatar da tsofaffin rubuce-rubuce a matsayin hujja. Abin lura shi ne rubutu ne ya ceci haƙƙin, domin da ilimin a baki kawai yake da babu abin da za a ajiye gaban masu hukunci. Daga nan Indiya ta kafa taskar ilimin gargajiya ta kwamfuta a 2001, amma ba ta buɗe ta ga kowa ba a farko, sai ga ofisoshin ba da takardun mallakar fasaha bisa yarjejeniya. A Nijeriya, maganin amosanin jini da aka sani da Niprisan daga laƙanin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa ya samo asali, cikin haɗinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ƙulla yarjejeniya da shi kafin ta yi aiki a kan laƙanin, aka kuma sa sunansa cikin masu fasahar. A matakin duniya, Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta shar'anta neman izinin masu ilimin gargajiya da raba amfani da su.

Fiƙihun zamani bai saɓa wa wannan ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare. Hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Bukhari, inda sahabbai suka karɓi tumaki a kan ruƙiyya aka kuma tabbatar musu, ya nuna halaccin cin abinci da magani. Saboda haka ba a tilasta wa maɗori ya sallama sana'ar gidansu da sunan hana ɓoye ilimi, sai fa idan rai ya rataya a kan abin da ya sani kuma babu wani mai shi.

7.0 Sharuɗɗan da Tarihin Ya Ɗora wa Mai Ba da Gudummawa

Sharaɗi na farko isnadi ne. Duk bayanin da za a shigar a faɗi daga inda ya fito, littafi ne da shafinsa, ko kwafin hannu da ma'adanarsa, ko bakin mutum da garinsu, idan ya yarda a ambace shi. Ƙissar Arrahma da aka jingina wa Suyuɗi gargaɗi ce, domin kuskuren da masu kwafa suka ɗauki ƙarnoni suna yaɗawa, intanet tana yaɗa irinsa a yini ɗaya.

Na biyu tabbatar da ainihin tsiro. Itace ɗaya ana kiransa darbejiya a wani gari, dogon yaro a wani, maina ko bedi a wani, kuma baƙo ne da aka shigo da shi daga nahiyar Asiya a ƙarni na 20, don haka duk wanda ya fassara wani suna a littafin Bello da darbejiya ya yi kuskure. Inda ba a tabbatar ba, sunnar Isɗifanu ita ce mafita, a bar sunan yadda yake a rubuta cewa ba a gane shi ba tukuna.

Na uku rarrabe riwaya da fatawa. Rubuta cewa mutanen wani yanki suna amfani da abu kaza tarihi ne, cewa a yi amfani da shi kuwa aikin likita ne, kuma hadisin lamuni yana kan mai faɗin haka. Cikin gadon akwai abin da bincike ya tabbatar da cutarwarsa. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 alaƙar ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Yankan gishiri yana cikin sababban yoyon fitsari, wani kwallin yana ɗauke da dalma, zaƙami kuma yana gusar da hankali har ya kashe. Taskar da ta kawo waɗannan ba tare da gargaɗi a jikinsu ba ta yi tarayya cikin cutarwa. Haka nan abin da ya ƙunshi shirka ko sihiri, ana iya ambatonsa domin tarihi tare da bayyana hukuncinsa, ba a koyar da yadda ake yin sa.

Na huɗu izini. Abin da malamai suka wallafa domin a yaɗa, kamar risalolin Bello, yaɗa shi cika nufin masu shi ne. Abin da aka ba mutum bisa sirri amana ne, kuma wanda ya ɗora shi a buɗaɗɗiyar taska ba zai iya janye shi ba bayan an kwafa. Dole a bayyana wa mai laƙani wannan da harshen da yake ji, a kuma bar masa zaɓin ya ba da duka, ko sashi, ko ya hana.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa fito da ilimin magani fili tsohuwar manufa ce ta malaman wannan ƙasa, kuma Muhammadu Bello da 'yan'uwansa sun yi ta ne domin raba jama'a da masu cin kasuwar jahilcinsu. Ya kuma nuna cewa kowane zango ya bar aikin da bai ƙarasa ba. Malaman jihadi ba su kai ga ilimin wanzami da ungozoma ba, Turawa sun kai gare shi amma sun zubar da sunayen masu shi, ma'adanu kuma sun tsare takardu ba su kai su hannun masu karatu ba. Aikin da ya rage a bayyane yake: tahƙiƙin risalolin ɗibbu ta hanyar gwama kwafe-kwafensu, fassara su zuwa Hausa, karanta hashiyoyin ajami, da daidaita sunayen tsirrai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masanin Larabci yana buƙatar masanin tsirrai da likita da mai ganye a gefensa, kamar yadda aka zauna a Ƙurɗuba, kuma sassan nazarin addini da na Larabci a jami'o'i su ne suka fi cancantar kiran wannan gayya, domin a hannunsu mabuɗin rubuce-rubucen yake. Allah Shi ne mafi sani, kuma Shi ne mai warkarwa.